Tun ran gini, ran zane: yadda ma'aikata ke buɗe ƙofarta ga masu buƙata ta musamman

Wata shugabar ma'aikata ta rubuto tana tambaya: "Muna da ma'aikata kusan ɗari biyu. Bara mun gina gangare a ƙofar shiga saboda masu keken guragu, mun kuma naɗa jami'i guda da ke kula da masu buƙata ta musamman. Duk da haka ƙorafi bai ƙare ba, daga ma'aikatanmu da kuma masu zuwa neman hidima. Me muka rasa? Yaya za a yi abin ya shiga jinin ma'aikata, ba sai wani ya yi kuka ba?"

Ranki ya daɗe, gangaren da jami'in duka alheri ne, kuma ba zan ce a taɓa ko ɗaya ba. Sai dai dukansu sun zo ne a makare, bayan an gama yanke shawarwarin da suka haifar da shingen. Na daɗe ina zagaya ma'aikatu ina duba wannan lamari, kuma kusan ko'ina abin da nake tararwa ɗaya ne. Shingen da ya tare makaho ko kurma ko gurgu an kafa shi tun kafin mutumin ya iso: ranar da aka sa hannu a kan zanen gini, ranar da aka sayi manhaja, ranar da aka rubuta tallar ɗaukar ma'aikata, ranar da aka raba kasafin kuɗi. A duk waɗannan ranaku jami'inku ba ya cikin ɗakin. Ana kiransa ne idan abu ya riga ya lalace, ya zo ya ba da haƙuri.

Akwai wani bambanci da nake so ki riƙe, domin a kansa komai ya rataya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008, ta raba abubuwa biyu da mutane ke yawan cakuɗawa. Na farko shi ne shimfiɗa hanya tun kafin kowa ya nema, wato gini da sufuri da bayanai da na'urori su kasance kowa na iya amfani da su. Sashe na 9 ne ya yi maganarsa. Na biyu shi ne gyara na daidai gwargwado da ake yi wa mutum ɗaya saboda halin da yake ciki, kamar canja masa lokacin aiki ko saya masa wata na'ura. Kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya fayyace a 2014 cewa na farkon wajibi ne da ke kan ma'aikata tun kafin wani naƙasasshe ya ƙwanƙwasa ƙofa, na biyun kuwa yana tasowa ne lokacin da mutum ya buƙata. Yawancin ma'aikatu suna rayuwa ne a kan na biyun kaɗai. Sun bar hanya a toshe, duk wanda ya zo sai ya roƙa, sai ya bayyana lalurarsa ga mutum uku ko huɗu, sai ya jira. Mai roƙo kullum yana gajiya, shi ma wanda ake roƙo yana gajiya, daga nan a fara kallon mutumin a matsayin mai yawan matsala.

Kada kuma a ɗauka ana maganar 'yan tsiraru ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na jama'ar duniya, suna rayuwa da naƙasa mai tasiri. Da yawa daga ciki ido ba ya ganin lalurarsu: mai raunin ji, mai farfaɗiya, mai ciwon sikila, mai fama da damuwa, wanda haruffa ke rikice masa wajen karatu. A cikin ma'aikatanki ɗari biyu akwai waɗanda ba su taɓa faɗa miki komai ba, kuma ba za su faɗa ba sai sun ga abin da ya sami wanda ya faɗa.

Bari in fara da gangaren, tunda shi kika ambata. Na taɓa tsayawa a ƙofar wani ofis da aka yi bikin buɗe gangarensa, ina kallon wani mutum a keke yana ƙoƙarin hawa. Ya tura sau biyu keken na komawa baya, sai da mai gadi ya taso ya tura shi. Da ya kai sama, babu fili a gaban ƙofa, ita kuma ƙofar waje take buɗowa, saboda haka dole ya riƙe taya da hannu ɗaya kada ya gangara, ya ja ƙofa da ɗayan. Ya shiga, sai ga teburin karɓar baƙi ya fi kansa tsawo, mai karɓar baƙin tana leƙo shi daga sama. Ofishin da ya zo nema yana hawa na biyu, babu na'urar hawa bene. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fuskarsa lokacin da aka ce masa ya jira a baranda, za a sauko masa da takardu. Mutum ne da ya zo da buƙatarsa kamar kowa, aka mayar da shi abin kallo.

Ma'aunin ba sirri ba ne. Wanda aka fi amfani da shi shi ne ɗaya bisa sha biyu: duk santimita ɗaya na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. Dakali mai tsayin santimita 30 yana son gangare mai mita 3.6. A saman gangaren a bar fili shimfiɗaɗɗe na kimanin mita ɗaya da rabi, inda keke zai tsaya ya juya. Ƙofa idan ta buɗe ta bar aƙalla santimita 81. Ki sa a auna naku da tef gobe. Amma ki lura, a labarin can gangaren ne kaɗai aka yi tunani, ba a bi mutumin daga titi zuwa teburin da zai zauna, zuwa banɗaki, zuwa hanyar fita ba. Hanya sarƙa ce, inda ta tsinke a nan ta ƙare.

Maganar kuɗi kuwa, ga abin da aka sani. Rahoton duniya kan naƙasa da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya nuna cewa idan sabon gini ne, cika ƙa'idojin nan yakan ƙara kimanin kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai a kan kuɗin aikin. Fasa bango da sake matattakala bayan an gama shi ne mai tsada. Wannan tunani ne Ronald Mace, wani mai zanen gine-gine Ba'amurke wanda shan inna ta sa shi a keke tun yana yaro, ya raɗa wa suna tsari domin kowa, kuma a 1997 shi da abokan aikinsa a jami'ar jihar Karolina ta Arewa suka fitar da ƙa'idojinsa bakwai. Gangaren bakin titi da naƙasassu suka yi ta fafutuka a kansa a garin Bakli na Kalifoniya a farkon shekarun 1970 yau mai tura keken jariri da mai jan akwati da tsoho mai sanda duk ta nan suke bi.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe, domin nan ne ma'aikatu suka fi yin asara ba su sani ba: sashen saye da ba da kwangila. Duk abin da ma'aikata ta saya, za ta zauna da shi shekaru. Manhajar biyan albashi, manhajar neman hutu, shafin intanet, na'urar ɗaukar sa hannun shigowa aiki, kujeru, hayar ɗakin taro. Idan manhajar neman hutu ba ta aiki da manhajar da ke karanta wa makaho allo, to kin sayi shekara biyar ko goma na wani ma'aikaci yana roƙon abokin aikinsa ya cike masa fom, yana faɗa masa dalilin hutunsa, har da wanda bai so kowa ya ji ba. Jami'inku ba zai iya gyara wannan ba. Ba shi ya rubuta manhajar ba, kuma kamfanin da ya sayar ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Gwamnatoci sun gano wannan tuntuni. A 1998 Amurka ta gyara sashe na 508 na dokarta ta farfaɗo da naƙasassu, ta wajabta wa hukumomin tarayya cewa kayan fasahar da suke saye su kasance naƙasassu na iya amfani da su. Tunda gwamnati babbar mai saye ce, kamfanoni suka fara gyara kayansu tun daga masana'anta. Turai ta fitar da nata ma'aunin, EN 301 549, a 2014, sannan ta kafa doka a 2019 wadda ta fara aiki ranar 28 ga Yunin 2025, ta haɗa da na'urorin cire kuɗi, da hidimar banki, da cinikin intanet, da littattafan lantarki. Ke ma kina da irin wannan ƙarfi daidai girmanki, kuma ƙarfin yana hannunki ne kafin ki biya. Ki sa sharaɗin a cikin takardar neman masu kwangila, ki sa shi a cikin makin da ake ba su, ki sa shi a cikin yarjejeniya tare da wa'adin gyara idan aka sami matsala. Na shafukan intanet da manhajoji, ma'aunin da duniya ta sani shi ne WCAG, wanda bugunsa na 2.1 ya fito a 2018, na 2.2 kuma a 2023, kuma matakin AA, wato na tsakiya cikin matakansa uku, ake nema. Sai dai kada ki tsaya ga takardar da kamfani zai kawo yana cewa ya cika. Duk mai talla yabon hajarsa yake yi. Ki ce su kawo manhajar a gwada kafin a sa hannu.

Gwajin farko ko ke za ki iya yi a teburinki. Ki cire linzamin kwamfuta, ki yi ƙoƙarin cike fom ɗin shafinku da madannai kaɗai, kina matsawa da maɓallin Tab. Idan kin maƙale, to duk wanda hannunsa ba ya riƙe linzami da duk makaho nan suke maƙalewa. Sannan a sauke NVDA, manhajar karanta allo ce kyauta, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka samar da ita tun 2006. Ki kashe allon ki saurara. Na zauna kusa da wata makauniya da ke neman aiki ta intanet, belun kunne a kanta, yatsunta na gudu a kan madannai da saurin da ban iya ba. Ta wuce suna, ta wuce adireshi, sai ta tsaya. Takardar bayanin aikin an ɗauki hotonta ne aka mayar PDF, manhajar ba ta ga harafi ko ɗaya ba. A ƙarshen fom ɗin kuma ga gwajin nan na "zaɓi hotunan da ke da mota". Ta cire belun ta ajiye a hankali, ta ce mini wannan ne na uku a satin. Ma'aikatar ba ta taɓa sanin ta zo ba. A lissafinsu, makafi ba sa neman aiki a wajensu.

Kuma ba su kaɗai ba ne. Ƙungiyar WebAIM tana duba shafukan farko na manyan gidajen intanet miliyan ɗaya duk shekara, kuma kowace shekara fiye da kashi 90 cikin ɗari suna da kurakuran da ko na'ura tana ganowa. Mafi yawa su ne rubutu mai dishi-dishi da bai bambanta da bangonsa ba, da hotuna marasa bayani. Ƙa'idar bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ita ce aƙalla 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum. Abubuwa ne da ake gyarawa cikin mintuna idan an sani, kuma tun a 2000 wani makaho mai suna Bruce Maguire ya yi nasara a ƙarar da ya kai kwamitin shirya gasar Olamfik ta Sidni saboda shafinsu. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, ba sabon ilmi ba ne.

Na biyu a muhimmanci shi ne inda kuɗin gyara yake fitowa. Idan daga kasafin sashe ne, kin sa kowane shugaban sashe cikin jarrabawa: ya ɗauki kurma ya biya mai fassara da maganar hannu daga ɗan abin da aka ba shi, ko ya ɗauki wani ya huta. Ba zai faɗa da baki ba, amma zuciya ta san lissafi. Maganin shi ne asusu guda na tsakiya, wanda ba ya taɓa kasafin kowane sashe, da ƙofa guda ta neman gyara, da wa'adi sananne na ba da amsa. Bayanin lafiyar mutum ya tsaya wajen wanda ke kula da asusun, shugaban sashe abin da ya kamata ya sani shi ne gyaran da za a yi. A rubuta abin da aka amince da shi a takarda ɗaya da za ta bi ma'aikacin, ta yadda idan an canja masa shugaba ba sai ya sake warware tarihinsa daga farko ba. Tsoron tsada ma yawanci ya fi tsadar girma. Cibiyar JAN ta Amurka mai ba da shawara kan irin wannan gyara a wurin aiki, wadda ta daɗe tana tambayar masu ɗaukar ma'aikata, ta sha samun cewa kusan rabin gyare-gyaren ba sa cin ko sisi: canjin lokacin shigowa, matsar da tebur kusa da ƙofa, ba da umarni a rubuce, yin aiki daga gida wasu ranaku.

Wajen ɗaukar ma'aikata, ki karanta tallarku da idon tuhuma. "Dole ya iya tuƙi", alhali aikin zuwa taro ne, kuma ana iya zuwa taro ba tare da tuƙi ba. "Dole ya iya magana da kyau", alhali abin da ake so shi ne ya isar da saƙo. A rubuta abin da ake son a cim ma, a bar wa mutum hanyarsa. A wasiƙar gayyatar ganawa a tambayi kowa, ba wanda ake zargi kaɗai ba, ko akwai abin da yake buƙata.

Ayyukan yau da kullum ba sa buƙatar dogon bayani, suna buƙatar a maimaita su ne har su zama ɗabi'a. A aika takardun taro kafin ranar taro. A yi amfani da makirufo ko da mai magana yana ganin muryarsa ta isa. Mutum ɗaya ya yi magana a lokaci ɗaya, yana fuskantar jama'a, domin mai karanta leɓe. Mai nuna jadawali ya faɗi abin da ke cikinsa, kada ya ce "kamar yadda kuke gani". Kowane bidiyo ya zo da rubutu a ƙasansa. Hanya mafi sauƙi ita ce a gyara samfurin takardu da na allunan gabatarwa sau ɗaya, kowa ya riƙa ɗauka daga nan, ta yadda yin daidai zai fi yin kuskure sauƙi.

Akwai abu guda da ake mantawa wanda ke hana ni barci: fita. Ma'aikatu suna tunanin yadda mutum zai shiga, ba sa tunanin ranar gobara, lokacin da aka kashe na'urar hawa bene, mai keke yana hawa na uku, kurma yana banɗaki bai ji ƙararrawa ba. Ana buƙatar ƙararrawa mai walƙiya tare da mai ƙara, da kujerar saukar da mutum ta matattakala da waɗanda suka koyi amfani da ita, da tsarin fita na kowane mutum da aka zauna da shi aka rubuta. A kuma gwada tsarin a atisaye, da mutumin a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To ina matsayin jami'inku? Kada ki sauke shi, ki canja masa aiki. Ya daina zama kwandon zuba ƙorafi, ya zama mai kafa ma'auni, mai horarwa, mai bibiya. Nauyin kuwa ya koma kan masu yanke shawara: shugaban saye shi zai amsa tambaya idan aka sayi abin da ba ya amfanuwa, shugaban fasaha a kan shafi, shugaban kula da gini a kan gini, shugaban ma'aikata a kan ɗauka da ƙarin girma. A rubuta shi a cikin abin da ake auna aikinsu da shi a ƙarshen shekara. Jami'in kuma ya kasance yana da kujera inda ake yanke shawara, da ikon cewa a dakata, da hanyar zuwa wajenki kai tsaye. Kamfanin Microsoft ya ɗora wannan aiki a matakin manyan jami'ai, kuma a 2016 ya damƙa shi ga Jenny Lay-Flurrie, wadda kurma ce. Majalisar Ɗinkin Duniya ma da ta fitar da tsarinta na shigar da naƙasassu a 2019, ma'aunai ta kafa da kowace hukumarta ke ba da rahoto a kansu, tun daga shugabanci har saye. Jami'i mara kasafi mara iko kuwa, an ɗora masa kaya ne an ɗaure masa hannu.

Duk wannan ba zai tsaya da ƙafarsa ba idan naƙasassun ba sa cikin tsarawa. Taken fafutukarsu a duniya shi ne kada a yanke komai a kanmu ba tare da mu ba, kuma dalilinsa a aikace yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni da nake wannan aiki har yau ana nuna mini abin da ido na ya tsallake, kamar kwandon shara da aka ajiye a filin juya keke a banɗaki, ko madubi da aka kafa daidai tsayin mai tsaye. Sai dai a yi shi da mutunci. A kira su tun ana zane, lokacin da maganarsu za ta iya canja wani abu. A biya su kamar yadda ake biyan kowane mai ba da shawara. Kada a ɗauki ma'aikaci ɗaya mai keke a mayar da shi kakakin makafi da kurame da kowa, domin bai san nasu ba, kuma yana da aikin da aka ɗauke shi ya yi. Ban kuma yarda da wasan nan na ɗaure wa shugabanni ido na rabin awa don su ɗanɗana makanta ba. Abin da suke koyo shi ne tsoro da tausayi, alhali makahon da ya shekara ashirin yana aiki gwani ne, abin da ya dame shi takardar da aka ɗauka hoto ce.

Game da ƙorafin da kika ce bai ƙare ba, kada ya karya miki gwiwa. Sau da yawa ƙorafi yakan ƙaru ne lokacin da mutane suka fara yarda za a saurare su. Abin da za ki riƙa dubawa shi ne kwana nawa ake ɗauka daga neman gyara zuwa samunsa, da ko matsala ɗaya tana dawowa, da ko ma'aikata masu naƙasa suna samun ƙarin girma ko suna tafiya da wuri. Ki tattara ƙorafin bara gaba ɗaya, ki bi kowanne baya har zuwa shawarar da ta haife shi, ki rubuta sunan ofishin da ya yanke ta. Sannan ki nemi jerin duk abin da za ku saya, ko ku gina, ko ku sabunta kwangilarsa a watanni sha biyu masu zuwa, ki kira shugaban saye da jami'in naku ku zauna a kansa layi-layi kafin wata takardar neman kwangila ta sake fita.